Badran Mai Kiran Ruwa

Ni dai ban taɓa yarda da mutumin da ba shi da gona amma shi ke rabon ruwa ba. Haka Allah ya halicce ni, kuma duk ƙauyenmu Kafar Nahla an san ni Sinan da wannan hali. Matata Dunya takan ce ko gishiri aka ba ni kyauta sai na murza shi na ga ko da yashi a ciki. To, Badran ba shi da ko itace ɗaya a duk ƙasar Sham, amma shekara ashirin da uku bakinsa ne ke buɗe madatsar rafinmu, bakinsa ne kuma ke rufe ta.

Rafin ƙarami ne, mai dogon taki yana iya tsallake shi. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta namu ne. Da rana ta faɗi ya zama na mutanen ƙauyen ƙasa, su kuwa ba sa ɗaga mana ƙafa, tun da sauran haske za ka gan su a bakin madatsa da sandunansu. Gidaje huɗu ne a ƙauyenmu, wuni sa'a goma sha biyu, kowane gida uku. Gidan Mukallad ne ke farawa da hudowar rana, sai gidan mai gari Harmala, sai gidan 'ya'yan Rafi'u, sannan mu. Namu rabon yana farawa daga cikar sa'a ta tara, ya ƙare da faɗuwar rana.

A zamanin iyayenmu da tafin ƙafa ake auna inuwar mutum a san lokaci ya yi. Gidan da ke shan ruwa sai ya turo mai babbar ƙafa, gidan da ke jira ya turo nasa gwanin, a yi ta musu har a kai ga dambe. Haƙoran mahaifina biyu a bakin madatsar nan suka zube. Zuwan Shaihu Mufaddal ne ya kashe wannan faɗa, kuma tare da shi Badran ya shigo garin, yana jan jaki.

Badran mutumin Hauran ne. Gawayi yake kaiwa Dimashƙa yana sayarwa, rannan wani tsoho ya tsayar da shi a ƙofar gari ya ce ya ɗaukar masa akwati biyu zuwa masallaci. Aikin rabin yini ne, amma sai da ya shekara goma sha tara yana bin tsohon. Ko alif bai sani ba. Ƙato ne mai manyan hannuwa, kafaɗarsa ta hagu ta sauka saboda ɗaukar kaya, in ka yi masa magana sai ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya amsa. Ni wannan kallon ƙasa bai taɓa kwanta mini ba.

Tsohon nan shi ne Shaihu, masanin taurari ne. A birni shi ke lissafa wa ladanan wani babban masallaci lokutan salla, yana da faifan tagulla mai zane-zane da yake ɗagawa saitin rana. Abin da ya fitar da shi daga birni har yau bakin mutane bai haɗu ba. Wasu sun ce wani babba ne ya nemi ya duba masa ranar sa'a ya ƙi. Wasu sun ce ya duba, abin bai yi daidai ba. Shi da bakinsa cewa ya yi hayaƙin gidajen wanka ne ke rufe masa sama. Ni ina saurayi a lokacin, amma ko a lokacin na san mutum ba ya barin Dimashƙa ya zo ya zauna da mu saboda hayaƙi.

Mun ɗauke shi ɗan duba. Innata ta taɓa kai masa ƙwai shida ta ce ya duba mata inda akuyarta ta shiga. Ya mayar mata da ƙwanta, ya ce, "Baiwar Allah, na san inda rana za ta tsaya gobe war haka. Inda akuyarki take, wallahi ban sani ba." Ta dawo tana cewa rowar ilmi ce kawai.

Shekara guda cur Shaihu ya yi yana hawa rufin masallaci da tsakar rana, Badran na riƙe masa zare mai dalma a ƙasa, shi kuma yana ɗiga alama inda inuwa ta tsaya. Bayan nan ya sa aka hau da wani farin dutse mai faɗi, ya sassaƙa masa layuka, ya kafa tsinken tagulla a tsakiya. Ya tara dattawa ya ce daga yau idan bakin inuwar tsinken nan ya taɓa layi na uku, ko na shida, ko na tara, rabon gida ya cika. Aka rubuta takarda, aka ajiye wurin liman. Ya ƙara shekara shida a cikinmu ya rasu. Almajiransa suka zo daga birni suka tattara littattafansa, Badran ne ya kai musu a kan jakinsa, sawu uku, ya dawo da mangala babu komai. An ce har yanzu akwai ladanai a can da ke kiran salla da lissafinsa. Mu dai dutse ya bar mana, da Badran.

Aikin Badran kenan. Zafi ko iska yana kan rufi, in lokaci ya yi ya miƙe ya sa hannu a kunne ya ce, "Ta cika!" Har ƙarshen gonaki ana jinsa, sai a datse wannan magudana a buɗe waccan. Ladansa buhun alkama daga kowane gida a shekara, da ɗan man zaitun. Amma yana da wasu halaye. Ba ya barin kowa ya hau rufin. Da yamma yakan lulluɓe dutsen da tabarma. Duk Juma'a da safe ana hango shi a durƙushe yana gwada wani guntun kara a jikin tsinken, yana leƙawa ta gefe. In ka tambaye shi me yake yi, sai ya ce, "Haka Shaihu ya ce a riƙa yi." Mutumin da ke taɓa tsinke shi kaɗai duk mako, ba mai ganinsa, a ce in saki jiki da shi?

Duk da haka na yi shiru shekara da shekaru, har ranar da ya aurar da 'yarsa Zumurrud ga Mukallad. Ita kaɗai Allah ya bar masa, uwarta ta rasu tun tana goye. Mukallad kuwa shi ne mai ruwan safe. Shekara biyu da auren, rumansa suka fara yin girman da ban taɓa gani ba.

Na ce wa Dunya, "Kin ga ruman gidan Mukallad bana?"

Ta ce, "Na gani. Taki yake zubawa, Baban Ɗarif. Kai ma ka zuba."

"Taki! Surukinsa na kan rufi, ki ce mini taki?"

"To kai da wa ka taɓa yarda? Ko ni nan ai sai ka ƙirga ɓauren da ka shanya kafin ka fita."

Gaskiya ne kuwa, ina ƙirgawa. Na taɓa jin wani fatake yana cewa a ƙasarsu da tasa mai huda ake auna ruwa, a ɗora ta a kan kwano cike, in ta nutse a ƙirga ɗaya. Sai na ɗauki ƙaramar tasar tagullar Dunya na huda gindinta da basilla. Ranar ban ci abincin yamma cikin daɗi ba. Watan Azar ne, ƙarshen sanyi, itatuwan mishmish na fure. Na ɓuya a bayan rumbu, da Badran ya kira cikar ta tara na saki tasa, duk nutsewa in ƙulla igiya, har rana ta faɗi. Ƙulli talatin. Washegari talatin, jibi ma talatin. Abin har ya ba ni haushi, don na so in kama shi yana ragewa yau ya ƙara gobe. Na naɗe igiyar cikin tasar na cusa a rufin ɗaki.

Wata uku suka wuce. A cikin Haziran, zafi ya kai zafi, ina dawowa daga gona sai na ga Badran yana fitowa daga gidan Mukallad da cinyar rago a naɗe cikin ganyen inabi. Da ya gan ni sai ya mayar da ita ɗaya hannun. Watakila hannun ne ya gaji, amma ni ban ɗauke shi haka ba. Da asuba na zaro tasata na zauna ina jira. Rana na leƙowa na sake ta. Na kai talatin, shiru. Talatin da uku, shiru. Sai a ta talatin da shida na ji, "Ta cika!" Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin daɗin mutumin da aka daɗe ana ce masa mai mugun zato. Ban ko yi tunanin sake auna nawa ba. Me zan auna? Sa'a ai sa'a ce, ga ƙullina talatin a igiya.

Ranar Juma'a da aka sallame na tsaya a ƙofar masallaci na ɗaga igiya biyu. Na faɗi abin da na yi, na faɗi abin da na samu. Mukallad ya yi kaina, aka rirriƙe shi.

Yana ihu yana cewa, "Kai Sinan, tun muna yara kake leƙen tukunyar mutane! Yau kuma ruwa ka koma leƙe?"

Mai gari Harmala ya ce a bari sai gobe, a auna a gaban kowa. Da safe aka taru a farfajiyar masallaci, ɗan ƙanensa ya riƙe tasa, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Talatin da shida cif, sannan murya ta sauko daga rufi. Aka ce Badran ya sauko.

Harmala ya ce, "Badran, ka ji abin da aka ƙirga. Rabon surukinka talatin da shida, na Sinan talatin. Me za ka ce?"

Ya kalli ƙasa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Mai gari, Shaihu ya ce sa'ar zafi ƙiba gare ta, ta sanyi kuwa ramammiya ce."

Dariya ta ɓarke. Wani daga gidan Rafi'u ya ce, "Cinyar rago take ci, dole ta yi ƙiba!" Ashe ba ni kaɗai na ga cinyar ba.

Badran bai yi dariya ba. Ya ce, "A auna na Baban Ɗarif yau da yamma."

Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Wato ƙarya nake? A kawo Littafi!" Liman ya ce in yi alwala, na yi. Na dafa na ce na rantse da wanda ya saukar da shi na auna rabona sau uku, tasa talatin ne, da wannan tasar. Kuma gaskiya na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni a wane wata, ni ma bai zo mini a rai ba.

A wurinmu in mutum ya dafa Littafi magana ta mutu. Badran ya sake cewa a auna, liman ya ɗaga masa hannu. "Kul, Badran. Mutum ya rantse. In aka koma aka auna, an ce ya yi ƙarya a kan Littafin Allah kenan. Ba a masallacina ba."

Nan take aka yanke. Badran ya bar rufi. Daga gobe da tasa za a riƙa rabo, talatin-talatin, ɗan ƙanen mai gari ne zai riƙe ta a bakin madatsa inda kowa ke gani. Badran ya nemi a bar shi ya hau ya lulluɓe dutsen, aka ce babu buƙata. Ya ɗauki takalmansa ya fita, ba wanda ya matsa masa hanya sosai, sai da ya bi ta gefen bango.

Washegari aka fara. Gida uku suka sha talatin-talatin, aka buɗe mini tawa magudana rana tana can sama, da ƙyar ta karkata. Na sha talatin, rana ba ta da niyyar faɗuwa. Mutane suka fara taruwa suna ƙirgawa. Arba'in. Hamsin. Sai a hamsin da huɗu ta faɗi.

Aka yi ta salati. "Ashe ga ruwan da ake sacewa! Sinan, ashe duk shekarun nan kai ake cuta!" Harmala ya so a raba ƙarin gida huɗu, liman ya ɗauko takardar Shaihu ya karanta: gida na huɗu daga cikar ta tara zuwa faɗuwar rana. Ya ce abin da aka rubuta kenan, ruwan na Sinan ne. Har ɗaga ni aka so a yi.

Ni kuwa ina tsaye cikin magudana da fartanya, ruwa har idon sawu, kaina na lissafi ba da sona ba. Casa'in na gida uku, da hamsin da huɗu nawa, ɗari da arba'in da huɗu. In aka raba huɗu, talatin da shida ne. Na sake yi da yatsu, haka ya fito. Wato jiya da shekaranjiya, ni ma talatin da shida Badran yake ba ni, da ni da Mukallad da kowa. Wunin Haziran ya fi na Azar tsawo, wannan ko jakin Badran ya sani. Shaihu wunin ya raba goma sha biyu, ko dogo ne ko gajere, shi ya sa sa'ar zafi ta fi ta sanyi. Ni na auna nawa a Azar, na auna na Mukallad a Haziran. Tsohon bai saci ko ɗigo ba.

Da safe na sami Badran a bayan ɗakinsa yana ɗinke tsohuwar mangala. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

Na ce, "Baffa, na gane. Maganar ƙiba da rama. Ni na yi kuskure."

Ya ja zare da haƙori. "Ka gane."

"Na gane. Ka yafe mini."

"Ni ka zo gaya wa? Ni ai na sani tun jiya, tun shekara ashirin. Ka je ka faɗa a inda ka faɗi waccan."

"Ranar Juma'a, in Allah ya kai mu."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Allah ya kai mu, ban faɗa ba. Na tashi da niyya, amma da aka sallame mutane suka kewaye ni suna gaisuwa, wani na cewa ba don ni ba da har yanzu ana shan jininmu, sai na ce bari sai ta sama. Kafin ta sama na riga na share wani fegi da ya shekara goma ba ya samun ruwa, na dasa kokwamba da gauta. Na ce bari su kama ƙasa. Da suka kama na ce bari inabi ya nuna. Ban taɓa ganin inabi irin na wannan shekarar a gonata ba, har tokara rassan muka yi.

Dunya ta gane da kanta, don ta ga na daina ƙirga ɓaure. Ta tsare ni na gaya mata.

Ta ce, "Baban Ɗarif, yara na bin tsohon nan suna ce masa ɓarawon inuwa. Ka sani?"

"Na sani."

"Mukallad ya hana shi shiga gidansa, wai don kada a ce da bakinsa aka yi. Zumurrud a ɓoye take kai masa abinci. Wannan ma ka sani?"

"Bayan an tsinke inabi zan yi magana."

"Inabin nan ni dai ba zai shiga bakina ba." Kuma bai shiga ba.

Badran ya koma gawayi. Da sassafe zai kora jakinsa ya bi ta gefen gonata, hanyar kenan, babu wata. Yakan ce, "Sannu da aiki, Baban Ɗarif," in ce, "Sannu, Baffa." Bai taɓa tuna mini ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har na fara zargin da gangan yake yin shirun don ya ƙona ni, ka ji irin zuciyata.

Ana nan wuni ya fara raguwa. Hamsin da huɗu ta koma arba'in da biyar, ta koma talatin da takwas. Lokacin da aka gama tsinkar inabi ta dawo talatin daidai. Na ce shi kenan, abu ya daidaita da kansa, ba sai an tayar da tsohon zance ba. Amma bai tsaya nan ba. Ashirin da biyar. Ashirin. Gida uku na shan talatin ɗinsu cif, ni kuwa kafin in kai rabin gona mutanen ƙauyen ƙasa sun iso sun datse. A cikin watan Tishrin, sanyi ya fara shigowa, rabona ya koma goma sha bakwai. Ruwan sama ya yi jinkiri, waken da na shuka ya fito ya tsaya, ya fara yin ja daga baki. 'Yan'uwana da muke gida ɗaya suka fara tambayata ina ruwanmu ya tafi.

Sai a wannan Juma'ar na miƙe. Juma'a ta goma sha tara kenan daga ranar da na yi wa Badran alkawari. Na tsaya a ƙofar masallaci, daidai inda na tsaya a da, na ce jama'a a saurare ni. Na faɗi komai dalla-dalla, Azar da Haziran, dogon wuni da gajere. Na ce Badran bai ci amanar kowa ba, ni na zalunce shi, a mayar da shi kan rufi.

Harmala ya saurare ni har na gama, yana shafa gemu. Ya ce, "To, mun ji. Yaushe ka gane haka, Sinan?"

Da na iya cewa jiya. Ƙaryar tana bakina, amma Dunya na tsaye can bayan katangar mata, na san tana ji. Na ce, "Ranar farko da aka fara tasa."

Mukallad ne ya fara magana, a hankali, ba irin ihunsa na da ba. "Wata huɗu da rabi. Ka bar ni na kori uban matata daga ƙofata."

Babban gidan Rafi'u ya ce, "Ku tsaya, ku tsaya. Lokacin da yake shan hamsin da huɗu, tasa gaskiya take faɗa. Yau da yake shan goma sha bakwai, tasa ta zama maƙaryaciya, dutse ne mai gaskiya. Sinan, yara ka mayar da mu?"

Na ce, "Ku auna wunin gaba ɗaya gobe, ku gani ko zai kai ɗari da ashirin!"

"Hudar ce ta toshe da ƙasa, sai a goge ta," in ji ɗan ƙanen mai gari.

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Wasu cikinsu sun gane, na gani a idonsu. Amma in aka koma dutse a wannan watan, rabon kowannensu zai sauka daga talatin zuwa ashirin da bakwai, ga fari. Na san abin da ke cikin ransu sarai, don na kwana da shi wata huɗu.

Liman ya ce, "Kai ka dafa Littafi, Sinan. Yanzu wanne za mu ɗauka, na ranar ko na yau?"

"Duka biyun gaskiya ne, Allah gafarta Malam."

Aka yi dariya, irin wadda aka yi wa Badran. Sai Harmala ya hango shi can ƙarshen sahu yana neman takalmansa, hannuwansa baƙi ƙirin da gawayi. Ya ce, "Badran, ga mai ƙararka ya zama mai shaidarka. Me ka ce?"

Badran ya kalli ƙasa kamar yadda ya saba. Ya ce, "Abin da ya faɗa yau haka yake, mai gari. Amma ba don ni ya faɗa ba. Wakensa ne ke bushewa."

Babban gidan Rafi'u ya tafa hannu. "Kun ji ko? Wannan ya ce haka yake, wancan ya ce a mayar da shi. Sun haɗa baki! Nawa ka yi masa alkawari, Sinan, buhu biyu?" Nan mutane suka samu abin da suke nema. Aka watse ana ta maganar yadda muka shirya, har da masu cewa sun gan mu muna ƙus-ƙus a gefen gonata da sassafe.

Ba a mayar da Badran kan rufi ba. Wakena ya ƙone. Da bazara ta zagayo aka sake taro, aka ce tunda tasa na bari a yi ragowa, a riƙa raba ragowar gida huɗu, in kuma ta gaza, gida na huɗu ya yi haƙuri. Haka ake yi har yau. Na sake tayar da maganar Badran sau biyu, duk lokacin sai a tambaye ni me kuma nake nema.

Badran ya ƙara shekara shida yana kai gawayi birni. Mukallad ya je ya ba shi haƙuri, ya roƙe shi ya dawo gidansa da zama, ya ce ɗakinsa ya ishe shi. Rannan da hantsi jakin ya shigo gari shi kaɗai da kayansa, aka bi sawu aka same shi zaune a gindin wani zaitun, ya jingina, rai ya yi halinsa.

A gidan Mukallad aka yi masa wanka. Na je da wuri, na cika buta a rafi, na tsaya a ƙofa na ce a ba ni izini in zuba masa ruwa, ko sau ɗaya. Mukallad ya shiga ciki ya gaya wa matarsa. Bai daɗe ba ya fito, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Zumurrud ta ce kowa na iya zubawa. Ban da kai."

Na koma gefe na tsaya da butar a hannuna har aka fito da shi.